Mu buɗe littafin haɗarin hanya a Tasawa

Kowace shekara mukan ji an karanto a rediyo adadin haɗurran da aka yi a hanyoyin Nijar, da yawan waɗanda suka rasu, da waɗanda suka ji rauni. Sai mu yi wa mamatan addu'a, mu ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya koma harkarsa. Adadin nan na ƙasa baki ɗaya ne. Ƴan sanda da jandarmomi suna rubuta haɗurran da aka kira su a kai, takardu su tafi Yamai, a haɗa a fitar da jimla. Jimlar tana da amfani ga hukumomi irin su ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya. Amma uban da ɗiyarsa ke tsallaka kwalta kullum don zuwa lakwal, jimlar ba ta gaya masa komai game da mararrabar da ke kusa da ƙofar gidansa.

A kan Tasawa nake magana, ko da yake mutumin Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji ko Madawa ko Galmi ko Ƙonni zai ga garinsa a cikin zancen. Duk garuruwan nan suna bakin babbar hanya lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Maraɗi da Damagaram har Diffa, kuma Tasawa tana kusan rabin tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram. An shimfiɗa hanyar ne domin masu dogon zango, sai gari ya girma ya rungume ta. A kanta manyan motocin fasinja ke bi, da kamiyoyin siminti da albasa da wake da dabbobi, da tankokin mai da suka ƙaru tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011. A kanta kuma ɗan kabu-kabu ke neman abincinsa, amalanken shanu na shigowa daga ƙauye, ƴar talla na bin mota da tire a kai, yaro ɗan shekara bakwai na riƙe da hannun ƙanensa yana jiran ya ga sarari.

Shawarata ga malamai da iyaye ita ce mu fara ƙidayar kanmu. Kowace lakwal da ke kusa da kwalta ta ajiye kaye guda a hannun kwamitin gudanarwarta, wato COGES, tare da ƙungiyar iyayen yara da ta uwaye. Duk lokacin da aka buge wani, ko moto ya faɗi da mutane, ko mota ta yi karo a yankin lakwal ɗin, a rubuta layi ɗaya: rana, lokaci, wurin da abin ya faru daidai, abin hawan da ya shiga ciki, shekarun wanda ya ji rauni da na mai tuƙi, ko da ƙafa yake ko a kan moto, ko akwai kaske a kansa, da yadda aka ƙare, ƙujewa ce ko karaya ko rasuwa. Ba a rubuta sunan kowa. A ƙarshen shekara a haɗa kayen lakwal-lakwal duka, a fitar da lissafin gari.

Dalilina na farko shi ne haɗurra da yawa ba sa shiga takardar hukuma. Mun san yadda muke yi. Moto ya buge yaro, jama'a su taru, a gano mai moton ɗan unguwa ne, dattawa su sa baki a yi sulhu nan take. A kai yaron wurin mai ɗori, ya yi wata biyu a kwance, shekarar karatunsa ta lalace, kuma babu inda aka rubuta. Wani kuma a kai shi likita ya rasu bayan mako guda, a yi jana'iza, lissafin ranar haɗari ya nuna rauni kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta daɗe tana nuna cewa a ƙasashen Afirka da yawa adadin mamatan da ake bayarwa a hukumance ya yi ƙasa sosai da ƙiyasinta. Wanda ya fi kowa saurin sanin yaro ya karye shi ne mushen ajinsa, don shi ke kiran suna kowace safiya yana ganin gurbi a benci.

Dalili na biyu shi ne tunaninmu yana riƙe babban haɗari ya saki ƙanana. Idan motar fasinja ta kife a daji aka rasa rayuka da yawa, za a yi shekaru ana ba da labari. Amma idan a mararraba guda aka karya ƙafafun yara shida cikin shekara biyu, kowane gida da nasa baƙin cikin yake zama, ba wanda ya haɗa shidan wuri ɗaya balle ya ce wurin ne ke da matsala. Rubutu ne kaɗai ke haɗa su.

Sai dai lissafin ƙaramin gari yana da tarko, kuma malamai ne ya kamata su fara gane shi. A ce bara mutum 4 suka rasu, bana 7, baɗi 3. Mai gaggawa zai ce bana abu ya lalace, baɗi kuma ya ce an shawo kan matsala, alhali ba abin da ya canja a kan hanya. Idan adadi ƙarami ne, haɗari guda na adaidaita cike da mutane ya isa ya ninka shi. Saboda haka kada a yanke hukunci da shekara ɗaya. A tara shekara uku zuwa biyar, a ƙirga masu rauni tare da mamata don su ne suka fi yawa, sannan a zana taswirar gari a allo a riƙa ɗiga alama a duk inda abin ya faru. Ɗigon da ya taru wuri guda ya fi jimlar shekara faɗin gaskiya. Wannan ma darasin lissafi ne da ɗan CM2 ko ɗan kwaleji zai iya yi da hannunsa, da alƙaluman garinsu.

Akwai abubuwan da dukanmu muke zato, littafin ne zai tabbatar ko ya ƙaryata. Muna cewa haɗari yana yawa da kaka, lokacin da kuɗi suka shigo aka sayi sababbin moto, amalanke kuma na dawowa daga gona da almuru ba fitila. Muna cewa hazon hunturu yana rufe wa direba ido. Muna zargin ranar kasuwa, da gaggawar gab da shan ruwa a watan azumi, da tseren samari ranar Salla, da ayarin kai amarya. Wataƙila duk haka ne, wataƙila kuma mu tarar cewa rabin sa'ar da ake tashi daga lakwal ta fi su duka. Amsar tana da muhimmanci, domin maganin hazo daban, maganin ƙofar lakwal daban.

Abin da duniya ta riga ta sani ya isa ya nuna mana inda za mu fi sa ido. Rahoton OMS na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato ɗalibanmu da ƙananan malamanmu. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu moto. Idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara, kimanin mutum 19 cikin kowane dubu 100, duk da ƙarancin motocinmu.

Babban abin da ke raba rauni da mutuwa shi ne gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kuma direba mai hankali ma yana bukatar kamar daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai birki. Kafin ƙaramar mota ta tsaya cak a busasshiyar kwalta ta ci wajen mita 28. Idan kilomita 30 take yi, wajen mita 13 ya ishe ta. Ke nan idan yaro ya faɗo hanya mita 14 gaban mota, mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 kuwa ko birki bai fara kamawa ba. Kamiyo mai kaya ya fi haka nisa ƙwarai. Shi ya sa taron ministoci na duniya da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi daga 2021 zuwa 2030. Burin nan ba a ofis zai cika ba, a gaban lakwal irin namu zai cika ko ya faɗi.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce mutuwa ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake zai tafi. Ban musa ba. Amma mutumin da ke faɗin haka yana rufe bakin rijiyar gidansa saboda yara, yana ɗaure ragonsa da dare, yana kai ɗansa allurar rigakafi. Mu ne muke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Wani kuma zai ce malamai aiki ya riga ya yi musu yawa, aji ɗaya yara sun cika har ƙofa. Gaskiya ne, shi ya sa na ce kayen ya zauna a hannun kwamiti. Layi ɗaya a mako, wani makon ma babu, bai fi ƙarfin sakataren iyayen yara ba. Mai tsoron kada rubutun ya jawo rigima tsakanin maƙwabta kuwa, ya tuna ba suna a ciki, kuma ba don kai ƙara ake yin sa ba.

Iyaye mu shirya, domin littafin nan zai nuna mu da yatsa kafin ya nuna baƙon direba. Mu ne muke miƙa wa yaro ɗan shekara 13 makullin moto mu ce ya kai ƙannensa uku lakwal, muna alfahari wai ya iya tuƙi. Iya murɗa totur daban, iya auna gudun kamiyon da ke tahowa daban, kuma permi ba a banza aka sa masa shekaru ba. Mu ne muke sayen moto na jaka ɗaruruwa mu ce kaske ya yi tsada ko yana sa zafi, alhali ciwon kai ne ke kashe mafi yawan waɗanda moto ya kayar, kuma ƙwaƙwalwa ba ta ɗoruwa kamar ƙashi. Mu ne muke aiken ɗan shekara shida ya tsallaka kwalta ya sayo magi, alhali yaro ƙarami bai iya gane nisan mota da saurinta ba tukuna. Idan shafin "shekarun mai tuƙi" ya cika da 14 da 15, ba za mu ce laifin mutanen Yamai ba ne.

Da lissafi a hannu kuma roƙonmu ga hukuma zai canja kama. Maimakon wakilan iyaye su je wurin magajin gari su ce a taimaka haɗari ya yi yawa, sai su ce a wuri kaza, cikin shekara uku, yara kaza aka buge, yawancinsu lokacin tashi daga lakwal. Irin wannan magana tana da wuyar turewa, kuma abin da take nema ba ya cin kuɗi mai yawa. A yi tudun rage gudu bisa ƙa'ida, da fenti da allon gargaɗi, a maimakon kunyar ƙasa ko gungumen da matasa kan tare hanya da shi cikin fushi, wanda da dare shi ma yake kayar da mai moto. A mayar da ƙofar lakwal ta fuskanci lungu idan da hali. A dawo da masu sayar da ƙosai da alawa ɓangaren da lakwal take don yara su daina tsallakawa da kuɗin tara. A sa babban mutum guda da jan ƙyalle yana tsallakar da yara lokacin shiga da fita, iyaye suna karɓa-karɓa. A liƙa wa amalanke abin ƙyalli a baya. A aji kuma a koya wa yara tafiya a gefen hagu suna fuskantar motocin da ke zuwa, da kada su ɓullo ta bayan motar da ke tsaye. Bayan an yi waɗannan, littafin nan dai shi zai gaya mana ko sun yi aiki.

Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Lahadi ta uku ta watan Nuwamba a matsayin ranar tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. Ina ganin ita ce ranar da ta dace a karanta lissafinmu. A buɗe kaye da komawa lakwal a watan Oktoba, a rufe a ƙarshen Satumba, a Nuwamba a tara iyaye da malamai da shugabannin ƴan kabu-kabu da na tasha, a gayyaci magajin gari da jami'an tsaro da na likita da wakilin sarki, a karanta a gaban kowa, rediyon gari ya ɗauka. Shekarar farko adadi kawai za mu samu. Shekara ta uku za mu san mararrabar da ke cin yaranmu da sa'ar da take cin su.

Ba sai an jira izini daga ko'ina ba. Diraktan lakwal ɗaya da shugaban iyayen yara ɗaya sun isa su fara a taronsu na gaba, kuɗin kaye da biro kawai zai ci. Wanda ya fara ya sanar da lakwal ta kusa da shi. Allah ya tsare mana yaranmu a tafiyarsu da dawowarsu.