Tazarar Mota da Ƙasa Ba Ado Ba Ce

Masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka suna son gaban mota ya sunkuya har ya kusa shafar kwalta. Tunda hotunansu sun cika wayoyinmu, wanda ya gaji tsohuwar mota a Ƙofa ko Tudun Wada zai iya jin kwaɗayin kwaikwayo. Ra'ayina shi ne ya dakata.

Hanya mafi sauƙi ta sauke gaban mota ita ce yanke sifirin, kuma ita ce mafi muni. Sifirin da aka gajarta yana ƙara tauri, hurumin da taya ke da shi na hawa da sauka ya ragu, tayar ta karkace ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya.

Dabarar da ta fi ita ce sauya sandar da taya ke juyawa a kanta. Ana ƙera wata wadda aka ɗaga mazaunin tayar sama, galibi da inci 2 zuwa 2 da rabi. Taya ta haura cikin jikin mota, jikin ya sauko, sifirin da shokozoba kuwa suna aikinsu kamar da. Akwai irinta ta Volkswagen Beetle, mai bayan kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975.

Na yarda dabara ce mai hankali, kuma motar da ta sauko tana rage tangaɗi a kwana. Sai dai duk incin da aka sauke, daga tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa aka ciro shi. Ƙarafan da ke riƙe da tayar suna matsowa kusa da hanya. Idan suka gangaro ƙasa da bakin wili, ranar da taya ta fashe su ne za su fara dukan kwalta, sitiyari ya ƙwace wa direba.

Yanzu mai karatu ya ɗora wannan a kan hanyoyinmu: wanda ya ratse daga Kwanar Dangora zuwa ƙauyukan Kiru da damina, ko ya bi ta dajin Falgore ya nufi duwatsun Riruwai. Rami da zaizaya ba su san kwalliya ba.

Iyayenmu sun riga mu gane haka. Peugeot 504, Fijon da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ta samu karɓuwa ne saboda tsayinta daga ƙasa da sifirin mai haƙuri da gargada. Ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai tsohuwar mota a Doguwa da ke da kuɗin kashewa, ya kai wa bakanike ya duba birki, ya sabunta shokozoba da robobin ƙafa, ya bar mata tsayin da maƙeranta suka ba ta.