Inji biyu ba ya ceton matuƙin da bai ƙware a ɗaya ba

Ka tambayi mutum a kasuwar Dakoro wane jirgin sama ya fi aminci, mai inji ɗaya ko mai biyu, zai ce mai biyu mana, in ɗaya ya mutu ga ɗaya. Masu koyar da tuƙi suna ƙara sharaɗi: sai in matuƙin ya san abin yi a daƙiƙun farko. Wannan sharaɗin nake so mu duba tare, malamai da iyaye, saboda ya shafi abin da muke yi wa ƴaƴanmu a lakwal.

Wanda ke son lasisin tuƙa ƙaramin jirgi na kansa yana farawa da mai inji ɗaya, kuma ƙa'idar duniya yawanci tana neman aƙalla awa 40 a sama. Ko ya samu lasisin, ba ya taɓa mai inji biyu sai an sake koya masa, an sake yi masa jarrabawa. Haka ake yi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964: ɗalibi sai ya gama da mai inji ɗaya kafin ya hau irin su Diamond DA42.

Dalili shi ne, idan inji ɗaya ya mutu a ƙaramin jirgi mai biyu, rabin ƙarfi ne ya tafi, amma ikon hawa sama yana raguwa da kusan kashi 80 cikin 100. Injin da ya rage yana ja ta gefe guda, sai hancin jirgin ya karkata wajen mataccen. Dole matuƙi ya taka feda ya miƙe shi, ya gane wanne ne ya mutu, ya juya farfelarsa don kada ta tare iska, ya kuma hana gudu sauka ƙasa da jan layin da ke kan agogo. A nan ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar 4 ga Fabrairu 2015 jirgin TransAsia ƙirar ATR 72 ya tashi daga birnin Taipei. Inji ɗaya ya daina ja, matuƙin ya kashe ɗayan mai lafiya, jirgin ya faɗa kogi, mutum 43 cikin 58 suka rasu. Bincike ya nuna an taɓa kayar da shi a gwajin mutuwar inji kafin ya ci a karo na biyu. Raunin da aka gani a ɗakin gwaji shi ya fito a sama.

A ƙarshen kowace shekara iyaye na zuwa wurinmu: "Mushe, don Allah a bar yaron nan ya wuce." Yaron yana CM2, amma bai iya karanta layi uku ya faɗi abin da suka ce ba. Kwaleji kuwa jirgi ne mai inji da yawa: malamai bakwai ko takwas maimakon ɗaya, darasi da Faransanci, sau da yawa kuma zama a gidan mai masauki nesa da uwa. Wanda ya shiga sizyem bai iya karatu ba, mun ƙara masa nauyi ne kawai, kuma a shekarar farko ko ta biyu ake koro shi.

Iyaye suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Yaron da aka ce ya maimaita aji yakan bar makaranta gaba ɗaya: namiji ya tafi cirani, mace a yi mata aure. Shi ya sa ni ma ban yarda maimaita shekara ce maganin ba. Matuƙin da ya faɗi gwaji ba a mayar da shi farkon karatu. Ana ƙara masa awoyi a kan abin da ya gagare shi, har hannunsa ya faɗa. Mu ma mu gwada kowane yaro a karatu da lissafi tun daga CP da CE1, mu ware waɗanda suka makale, kwamitin COGES ya shirya musu darasin yamma. Uba ko da bai yi boko ba, yana iya cewa ɗansa ya karanta masa shafi ɗaya ya fassara da Hausa. Kunne kaɗai ya isa ya gane mai karatu da mai in'ina.

Muna da abin nuni a gida. Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar sojan saman Nijar a 2015, ta yi aiki da Cessna 208 mai inji ɗaya, sai a 2020 ta kammala horon C-130 mai inji huɗu a Little Rock ta Amurka. A Yamai kuma akwai EAMAC, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi, ana shiga ta hanyar gasa mai neman lissafi da kimiyya. Ƙofar a buɗe take ga ɗan Tagriss kamar kowa, amma sai ya iya karanta takardar jarrabawar. Uban da ya zo roƙon a wuce da ɗansa, gara ya roƙe mu mu zaunar da shi mu koya masa.