Abin Da Yaranmu Ke Kallo Daga Japan

Duk wanda ya bi ta Sundimina bayan sallar lisha, ko wani gari na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, lalle ya ga yara sun yi zobe a bakin shagon cajin waya, kawunansu a haɗe kan waya guda. In ya leƙa, wani lokaci ƙwallo ce, wani lokaci kuwa katun ne na ƙasar Japan, irin su Naruto da Dragon Ball. Manyanmu sun kasu biyu game da wannan al'amari. Waɗansu sun ce wasan yara ne, bai kai a ɗaga kai a dube shi ba. Waɗansu sun ce fitina ce, a karɓe wayar a huta. Mu kuwa a ganinmu duka biyun sun yanke hukunci kafin su ji shari'a. Gani ya kori ji. Wanda bai kalli abu ba, ba ya da hujjar raina shi, ba ya kuma da hujjar hana shi.

Bari mu fara da fim guda, domin shi kaɗai ya isa shaida. A shekarar 1954 wani gwanin shirya fim mai suna Akira Kurosawa ya fitar da Shichinin no Samurai, watau Barade Bakwai. Labarin wani ƙauyen manoma ne wanda 'yan fashi su arba'in suka ɗaura wa aniya. Wani manomi ya ji su suna shawara, suna cewa a bari sai an yi girbi tukuna a dawo a kwashe. Mutanen gari suka tafi wurin dattijonsu, ya ce musu su nemo barade, amma su nemo mayunwata, domin garin ba shi da abin biya sai abinci. Haka aka yi. Manoman suka riƙa dafa wa baƙin shinkafa, su kuwa suna cin gero irin nasu, wanda a can abincin matalauci ne.

Shugaban baraden bai fara da takobi ba. Ya zaga garin ya zana taswirarsa, ya sa aka yi shinge, aka malala ruwa cikin gonaki, aka bar kafa guda da gangan don a riƙa shigo da mahara ɗai-ɗai. Gidaje uku da ke bayan rafi ya ce a bar su, masu su kuwa su shigo cikin jama'a, gama wanda ya ce gidansa kaɗai zai tsare, shi da gidan za su halaka. An ci nasara, amma huɗu cikin bakwai ɗin sun kwanta dama. Fim ɗin ya ƙare manoma suna dashen shinkafa da kiɗa da waƙa, barade ukun da suka saura suna tsaye gaban kaburbura, babbansu ya gane cewa nasarar ta manoma ce.

To, jama'a, wane manomi ne a Arewa zai kalli wannan ya ce labarin baƙi ne? 'Yan'uwanmu na Zamfara da Katsina sun san abin da ake nufi da a yi noma ana fargabar girbi. Har ma mun daɗe muna kallon jikokin wannan fim ba mu sani ba. Amurkawa sun sake shi a 1960 da sunan The Magnificent Seven. Sholay na Indiya, wanda ya fito a 1975, wanda iyayenmu suka haddace sunan Gabbar Singh saboda shi, ya ɗebi ruwa daga wannan rijiya. Ashe mun sha romo shekara da shekaru, ba mu taɓa tambayar inda naman yake ba.

Sa'an nan masu cewa katun wasan yara ne, sai su nemi Hotaru no Haka na Isao Takahata, wanda ya fito a 1988. Zane ne daga farko har ƙarshe, amma labarin wani yaro ne da ƙanwarsa waɗanda wuta ta cinye garinsu Kobe a 1945, uwarsu ta rasu, yunwa ta bi su har ta ga bayansu. Da wuya magidanci ya kalle shi idonsa bai kawo ruwa ba. Ko dodon nan Godzilla, wanda ake yi wa dariya domin mutum ne cikin rigar roba yana tattake gidajen wasa, ba don dariya aka ƙirƙiro shi ba. A 1954 ya fara fitowa, shekara tara bayan an jefa bom a Hiroshima da Nagasaki, labarin kuwa ya ce gwajin bom ne ya tashe shi daga ƙarƙashin teku. Mutanen da suka ga wutar da idonsu ne suka mai da tsoronsu dodo, kamar yadda kakanninmu ke yi cikin tatsuniya.

Amma fa masu tsoro ba su yi ƙarya duka ba. Cikin waɗannan zane-zane akwai masu tsiraici, akwai masu zub da jini ba gaira ba dalili, waɗanda ko a can Japan don manya aka yi su. Waya kuwa ba ta tambayar shekarun mai riƙe da ita. Sai dai karɓe waya ba ya magance wannan, gama yaron da aka hana a gida zai gani a wayar abokinsa. Maganin shi ne uba ko malami ya san hatsi ya san ƙaiƙayi, ya zauna ya kalla tare da yaro, ya tambaye shi abin da ya fahimta.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Zamanin majigi, sa'ad da mota ke zuwa gari a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, akwai mai bayani da ke tsaye yana fassara wa jama'a da Hausa. Mutanen Japan ma sun yi haka zamanin fim marar magana, suna kiran mai bayaninsu benshi. Saboda haka muna roƙon malaman makarantu da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su raya wannan al'ada. A ari gidan kallon ƙwallo dare guda cikin wata, a zaɓi fim na kirki, a sa mai Hausa a baki ya fassara, in an gama a yi muhawara. Kuɗinsa bai wuce na man janareta ba.

Daga nan sai mu tambayi kanmu, yaushe namu zai fito? Japan ba ta yi suna da kwaikwayon wani ba, labarin ƙauyenta da yunwarta da tsoronta ta ba duniya. Maƙwabcinmu Mustafa Alasan na Jamhuriyar Nijar, wanda ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015, ya yi katun tun 1966 mai suna Bon Voyage Sim, inda ya sa kwaɗo ya zama shugaban ƙasa. Mu nan kuwa, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, akwai shanun da mutanen da suka zana a jikin dutse, har yau suna nan. Ƙasar da ta gaji wannan, ga kuma Gizo da Ƙoƙi a bakin kowace tsohuwa, bai kamata 'ya'yanta su tsaya ga kallo kurum ba. Yaron da aka gani yana zana Naruto a bayan littafinsa, kada a dake shi. A ba shi takarda da fensir, a ce ya zana Gizo.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka da girbi cikin kwanciyar rai. Amin.