Ɗalibanmu na Lauya a Ingila da Nauyin Kalmar "Na Karɓa"

Duk shekara, daga watan Satumba zuwa Janairu, ɗaliban fannin shari'a a jami'o'in Ingila kan shiga wata fafutuka wadda mu da ke gida ba mu cika sanin ta ba, alhali kuwa a cikinsu akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu waɗanda iyaye suka sayar da kadara, ko gwamnatocin jihohi suka ɗauki nauyinsu, domin su je su karanto lauya. Fafutukar ita ce neman gurbi a shirin aikin hutu na manyan kamfanonin lauyoyi na birnin Landan. Ni ba lauya ba ne, nazarin harshe na karanta kuma shi nake koyarwa. Abin da ya sa na tsoma baki shi ne, matsalar da takan taso bayan ɗalibi ya yi nasara, wato idan kamfanoni biyu suka yi masa tayi a lokaci guda, matsala ce ta magana da nauyinta, kuma nan ne fagena.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake. A Nijeriya duk wanda aka rantsar lauya barista ne kuma solisita ne a lokaci guda. A Ingila sana'ar rabe take: barista shi ne ya fi tsayawa gaban alƙali, solisita kuwa shi ke zama da masu neman shawara, ya tsara yarjejeniya, ya shirya takardun shari'a. Tun 2021 hukumar da ke kula da solisitoci, wato SRA, ta fito da jarrabawar SQE, ta kuma shar'anta wa mai neman shiga sana'ar ya yi shekara biyu yana koyon aiki. Manyan kamfanoni kan ba da wannan dama ta hanyar kwantiragin horo na shekara biyu, inda akasari sabon shiga kan zagaya sassa huɗu, wata shida a kowanne. Sukan kuma ɗauki mutanensu tun shekara biyu kafin su fara aikin, wato tun ɗalibi bai kammala digiri ba.

Babbar ƙofar samun wannan kwantiragi ita ce shirin aikin hutu. Kamfani kan ɗauki ɗalibai na mako ɗaya zuwa uku a hutun hunturu, ko na Ista, ko dogon hutun Yuni da Yuli, ya biya su, ya ba su ƙananan ayyuka, yana lura da aikinsu da halinsu, sannan a ƙarshe ya yi musu ganawar ɗaukar aiki. Abin da ke cikin tukunyar ba ƙarami ba ne. A 2024 kamfanoni irin su Freshfields da Linklaters da Clifford Chance sun kai albashin wanda ya kammala horo fam 150,000 a shekara. Saboda haka masu nema suke da yawa, matakan tancewa kuma suke da tsauri: cike fom mai tambayoyi, gwajin kaifin tunani irin na Watson Glaser, ganawa ta bidiyo, da wuni guda na gwaji a ofishin kamfanin. Ɗalibi mai hankali ba ya dogara da kamfani ɗaya, yakan nemi da yawa, kuma babu laifi a cikin haka.

To, sai a wayi gari amsa biyu sun zo. Ko dai shirye-shiryen hutu biyu sun faɗo a mako guda, ko kuma kamfanin da ya yi wa aiki a hutun Ista ya miƙo kwantiragin horo da wa'adin amsawa, alhali wanda ya fi so ba zai gan shi ba sai Yuli. A nan ne wasu kan raba ƙafa. Wani ya amsa wa duka biyun da niyyar ya watsar da ɗaya daga baya. Wani ya yi gum, ya bar wasiƙa ba amsa har wa'adi ya wuce. Wani kuma ya ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa a gida don ya sami lokaci. Dukkan ukun, a ganina, daga tushe ɗaya suka fito, wato ɗaukar magana a matsayin iska.

Masanin falsafar harshe na Jami'ar Oxford, J. L. Austin, a littafinsa How to Do Things with Words da aka buga a 1962, ya nuna cewa akwai maganganun da ba labari suke bayarwa ba, aiki suke aikatawa. Wanda ya ce "na yi alkawari" ba bayanin alkawari yake yi ba, da furucin nan ya ƙulla shi. Bahaushe bai jira Austin ba kafin ya san wannan. A kasuwa mai saye yakan taya, mai kaya ya ce "albarka" ko ya ce "na sallama". Da zarar ya furta "na sallama" ciniki ya faɗa, ko da kuɗi bai shiga hannu ba, kuma wanda ya sallama wa mutum biyu kaya ɗaya ya gama zubar da mutuncinsa a wannan layin. "Na karɓa" da ɗalibi zai rubuta wa kamfani a wasiƙar imel daidai take da "na sallama". Daga ranar kamfanin zai rufe gurbin, ya sallami wani ɗalibin da ke jiran tsammani, wanda mai yiwuwa shi ko tayi ɗaya ba shi da shi.

Abin lura a kalmar "albarka" shi ne, ƙi ce ƙarara, amma babu cin fuska a cikinta. Mai kaya ya ƙi tayin, ya kuma bar ƙofar ciniki a buɗe har gobe. Wannan ita ce hikimar da ɗalibanmu ke bukata, sai dai wata tarbiyyar tamu takan sha gabanta. An raine mu da jin kunyar ce wa babba "a'a", sai mu ce "to", ko "sai na yi shawara", ko mu yi shiru, kuma a tsakaninmu kowa ya san ma'anar. Jami'ar ɗaukar ma'aikata a Landan ba ta san wannan ma'anar ba. A wurinta shiru sakaci ne, "to" kuwa amincewa ce. Layi uku sun wadatar: godiya, sanarwar cewa an zaɓi wani wuri, da fatan alheri. A aika su da wuri, domin gurbin ya koma ga mai bukata.

Wanda kuwa yake bukatar lokaci, darasin na nan cikin abin da ake koya masa tun shekarar farko. A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, Wrench ya yi tayin sayar da gonarsa fam 1,000, Hyde ya taya fam 950, aka ƙi. Da Hyde ya dawo ya ce ya yarda da fam 1,000, kotu ta ce babu ciniki, domin tayinsa na biyu ya kashe na farko. Amma a shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, kan cinikin ƙarfe, mai saye ya aika da telegiram yana tambaya ko za a yarda a shimfiɗa cinikin cikin wata biyu, kotu ta ce wannan tambaya ce kawai, ba ta kashe tayin ba. Bambancin shari'o'in biyu bambancin jumla ne, ɗaya sharaɗi, ɗaya tambaya. Ɗalibin da ya rubuta yana tambaya ko za a ƙara masa wa'adi saboda yana da wani shirin hutu a Yuli, ko za a mayar da shi rukuni na biyu saboda ranakun sun ci karo, bai ƙi komai ba, bai kuma yi ƙarya ba. Ana iya hana shi, amma zai yanke shawara da mutuncinsa a hannu. Haka nan yana iya sanar da kamfanin da ya fi so cewa yana riƙe da wani tayi mai wa'adi, ya roƙi a gaggauta nasa.

Na san za a ce mini kamfanonin ma ba waliyyai ba ne, kuma gaskiya ne. An daɗe da wata ƙa'ida ta ganin-dama kan ɗaukar masu horo, wadda ta tanadi a ba ɗalibi mako huɗu ya yi nazari, shi kuma kada ya riƙe tayi fiye da biyu a lokaci guda. A 2015 hukumar SRA ta janye hannunta daga ƙa'idar, kuma dama can ba doka ba ce. Kamfanin da ya ba yaro ɗan shekara ashirin 'yan kwanaki ya yanke hukunci kan makomarsa, da gangan don kada ya ga wasu, yana da kaso a laifin saɓa alkawarin da zai biyo baya. Ɗalibin da ya je daga Nijeriya ya fi kowa shiga matsi, domin bizarsa ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, sai a hutu, ga kuma batun wanda zai ɗauki nauyin bizar aikinsa bayan ya gama. Mai wannan hali idan ya ga tayi yakan cafke tun kafin ya karanta.

Duk da haka ban ga yadda matsi zai halatta raba ƙafa ba. Da wuya kamfani ya kai ɗalibi kotu, amma duniyar lauyoyin Landan ƙarama ce, jami'an ɗaukar ma'aikata kan sauya kamfani, sunan mutum kuma yakan riga shi isa. Sannan kamfanoni da dama kan biya wa wanda suka ɗauka kuɗin karatun SQE da na guzuri, bisa sharaɗin zai mayar idan ya fasa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Fiye da wannan duka, lauya ba shi da hajar da ta wuce maganarsa. Wanda ya buɗe sana'arsa da sa hannu a takardar da bai yi niyyar cikawa ba, da wane baki zai gaya wa wani gobe cewa yarjejeniya abar girmamawa ce?

Shawarata ga ɗalibai ita ce su yi zaɓen tun kafin tayi ya zo. Su jera kamfanonin da suka nema bisa abin da ya dame su: irin aikin da ake yi, yawan waɗanda ake riƙewa bayan horo, tsawon awannin aiki, da ko kamfanin na ɗaukar nauyin biza. Wanda ya yi haka, ranar da wasiƙa biyu suka zo ya riga ya san wadda zai ce wa albarka. Iyaye kuma su daina tambayar albashi kaɗai a waya, domin matsin gida na daga abin da ke sa yaro ya riƙe abin da ba zai iya cikawa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma alkawari kaya ne ko a Kano aka ɗauke shi ko a Landan. Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya sa su zama masu magana ɗaya.