Talabijin Mai Araha: Riba Ko Hasara?



Akwai wata magana da ta ke ta tasowa a tarurrukan ƙungiyoyinmu, daga Jiga Makera har Maiyama, watau maganar sayen talabijin irin na bango, wanda jama'a su ke kira filasma. Waɗansu suna so su saya wa iyali in an sayar da albasa. Waɗansu kuma suna so ƙungiya ta sayi guda, a riƙa nuna finafinan koyar da noma bayan an tashi daga sujada. Ra'ayi ya rabu biyu. Masu cewa in ba Samsung ko LG ba ne a bar kuɗi a aljihu, gama araha ba ta ado. Da masu cewa duk ɗaya ne, a sayi wanda ya fi sauƙin kuɗi kurum. Ni a ganina mai araha yana iya yi mana aiki shekara da shekaru, amma da sharaɗi, sharaɗin kuwa ya fi sunan da aka liƙa a goshin akwatin muhimmanci.

Mu fara da maganar suna. Filasma ta ainihi manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun a 2014. Abin da a ke sayarwa yanzu a Jega da Birnin Kebbi, gilashi ne mai nuna hoto, da ƙananan ƙwayayen fitila jere a bayansa suna haska shi. Gilashin nan shi ne ya fi kome tsada a cikin akwatin, masana'antun da su ke yinsa kuwa kaɗan ne a duniya duka, mafi yawa a ƙasar Sin, irin su BOE da CSOT, wanda mallakar TCL ne. Samsung da kansa ya daina yin irin wannan gilashi a 2022, saye ya ke yi a hannun waɗansu. LG ma a 2024 ya ƙulla cinikin sayar wa TCL babbar masana'antarsa ta gilashi da ke Sin. Sunan Toshiba da iyayenmu suka sani na Japan, tun cinikin da aka yi a 2017 sashensa na talabijin ya koma hannun Hisense. Ashe mai tsada da mai araha suna iya zama 'yan ɗaki ɗaya.

Amma fa kada wani ya ɗauka cewa babu bambanci. Akwai. Bambancin yana cikin abin da ido ba ya gani a kanti: ingancin ƙwayayen fitilar, da sashen da ya ke karɓar wuta, da irin binciken da aka yi kafin a rufe kwali. Hisense da TCL manyan kamfanoni ne masu masana'antun kansu, suna da wakilai a Nijeriya. Akwai kuma sunaye kamar Nexus, Polystar, Syinix da Itel waɗanda su ka saba da kasuwanninmu. A can ƙasa kuwa akwai waɗanda ba su da uba, sunan da ba wanda ya taɓa ji, kwali babu adireshi. Mafi muni duka shi ne jabu, akwatin banza da aka manna wa babban suna. In ka ga Samsung inci 43 a kan kuɗin da bai kai na Hisense inci 32 ba, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Gara ƙaramin suna na gaskiya da babban suna na aro.

To, me ke kashe talabijin a ƙauyukanmu? Cutar da ta fi yawa ita ce mutuwar ƙwayayen fitila. Alamarta, murya tana fita amma fuska ta yi baƙi. Ka ɗauki tocila ka haska gilashin kusa-kusa. In ka hangi hoto dishi-dishi yana motsi, to, gilashi lafiya ya ke, fitilu ne su ka mutu, mai gyara kuwa yana iya canja su a kan kuɗi kaɗan bisa ga kuɗin sabo. Mutane da yawa sun jefar da akwati a lungu don ba su san wannan ba. Abin da ke kashe fitilun zafi ne. Mu kuwa mun san yadda ɗakin kwano ya ke a watan Afrilu, sa'ad da zafin waje ya kan haura 40 a ma'auni. Ga shi kuma a kanti a kan ƙure hasken talabijin har ƙarshe domin ya ɗauki idon mai saye, mutum ya kai gida ya bar shi haka nan. Ranar da ka kawo shi ka shiga wurin gyaran hoto da rimot ka rage hasken baya zuwa rabi. Da dare ba za ka ga wani bambanci ba, fitilu kuwa za su huta. Ka bar tazara tsakaninsa da bango domin iska ta wuce. Lokacin hunturu a rufe shi da zane saboda ƙura, amma sai bayan an kashe shi ya huce.

Cuta ta biyu daga wuta ta ke, a nan kuwa mai tsada da mai araha kusan duk kabarinsu ɗaya. Wutar da aka tsara wa ƙasarmu bolt 230 ce. Ka juya bayan akwatin ka karanta, galibin na yanzu an rubuta musu 100 zuwa 240. Watau in wuta ta yi ƙasa suna iya jurewa. Abin da ba su jurewa shi ne wuta ta zo da ƙarfi farat ɗaya, kamar sa'ad da Nepa ta dawo bayan ɗaukewa, ko sa'ad da ƙaramin janareta ya ke tashi, ko ya ke shure-shuren ƙarewar mai. Saboda haka a ta da inji tukuna, a bari ƙararsa ta daidaita, sa'an nan a jona talabijin. In za a kashe, a fara zare talabijin. Akwai kuma ɗan abin tsaron nan da a ke jonawa tsakanin soket da talabijin, wanda ya kan yanke wuta in ta yi yawa, ya jinkirta kaɗan kafin ya sake ta. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin akwatin. Duk wanda ya sayi talabijin ya ce ba shi da kuɗin wannan, ya sayi doki ne ya ƙi sayen linzami. Da damina kuma in hadari ya taso da tsawa, zare wayar wuta kaɗai bai isa ba. A zare ta eriya ko ta dish, gama ta nan ma aradu ta kan shigo.

Cuta ta uku ba ta da magani, ita ce fashewar gilashi. Kuɗin sabon gilashi ya kan kusa kuɗin sabon akwati, garanti kuwa ba ruwansa da abin da ya fashe a hannunka. Daga Jega zuwa gida a kan babur, a bar shi cikin kwalinsa a tsaye, wani ya rungume shi. Kada a kwantar da shi a ɗaure da roba kamar buhun taki.

Maganar man fetur ita ce ta sa ni ke ba ƙungiyoyi shawarar ƙarami. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan da nan, kafin ƙarshen 2024 har ta taɓa 1,000. Ta da janareta domin kallo kawai ya zama almubazzaranci. Talabijin inci 32 yana shan wajen wat 40. In ya yi awa huɗu, 160 ke nan. Farantin sola na wat 100 a irin ranarmu ya kan tara ninki biyu na wannan a yini, har da ragowar da za a kunna fitila a yi cajin waya. Mai inci 55 kuwa ya kan sha wat 100 ko fiye, sai a ƙara faranti, a ƙara batir, kuɗi ya yi ta hawa. Akwai ma waɗanda aka ƙera domin su sha wutar batir ta bolt 12 kai tsaye. Ga wanda ba shi da Nepa sam, irin wannan ya kamata ya fara tambaya.

Mai kanti zai ce maka ga wani mai shiga intanet, ƙari kaɗan ne. Ni ban ga amfaninsa ga manomi ba. Masu araha a cikinsu ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, bayan ɗan lokaci sai su riƙa jan ƙafa, ga cin kuɗin data. Abin da mu ke bukata ƙofar nan ce ta gefe inda a ke soka filash, da ƙofar jona dikoda domin masu son kallon Arewa24 ko labarun NTA. Ka tafi kanti da filash ɗinka, a sa a gabanka, ka ga hoto, ka ji murya. Muryar masu araha takan yi rauni ƙwarai, ba za ta isa taron mutum talatin ba sai an haɗa da lasifika, a sa wannan a lissafi tun farko. Ka sa a nuna maka fuskar fara fat, a kuma nuna ta baƙa, ka duba ko akwai ɗigo ko layi. Ka riƙe awon tela a aljihu. Daga kusurwa zuwa kusurwa a ke auna gilashi: inci 32 santimita 81 ne, inci 43 kuwa 109. Abin da kwali ya faɗa ba kullum ne gilashi ya ke amsawa ba.

Sai takarda. Mu manoma muna da wata al'ada, in mun yi ciniki da mutum mu ka ga fuskarsa, sai mu ji kunyar neman rasit. A kasuwar dabbobi wannan yana iya yiwuwa, gama akwai dillali da shaidu. A kayan lantarki ba ya yi. A rubuta sunan kanti, da kwanan wata, da lambar da ke bayan akwatin, a kuma duba ta yi daidai da ta jikin kwali. A tambaya garantin na wata nawa ne, in kuma ya lalace ina za a kai shi. In amsar ita ce sai Legas, to, garantin nan na mutanen Legas ne. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye ikon mai da kayan da ya fito da aibi. Amma wanda ba shi da rasit da me zai kai ƙara? Shawarar da ta fi duka kuwa, kafin ka shiga kanti ka fara biyawa wurin mai gyaran talabijin. Ka tambaye shi wane iri ne a ke samun kayan gyaransa a nan kusa, wane iri ne kuma ya fi cika masa rumfa. Shi ba ya sayarwa, ba shi da dalilin yi maka daɗin baki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, lokacin saye. Kayan nan daga waje a ke shigo da su, ko a shigo da sassansu a harhaɗa, saboda haka kuɗinsu dala ya ke bi. Dalar da ta ke wajen naira 460 a watan Mayu 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin talabijin kuwa ya bi ta. Albasa ba ta bin dala, yawanta a kasuwa ta ke bi. Kowa ya san yadda kasuwar Aliero ta kan cika maƙil lokacin kwasar albasar rani, farashi ya faɗi, sa'an nan ya yi ta hawa in aka doshi ƙarshen shekara. A ce talabijin ya tashi buhu shida a watan Maris. In kuɗin buhu ya ninka bayan 'yan watanni, buhu uku ne zai saye shi. Na sani ajiya tana da nata hasarar, akwai ruɓa, akwai ramewa, akwai kuma bashin da ba ya jira. Amma talabijin yana jira. Wanda ya zubar da albasarsa a kakar araha domin ya sayi mai araha, shi ne ya fi kowa sayensa da tsada. Masu ba da sola da talabijin a biya kaɗan-kaɗan kuma, a zauna da takarda da fensir a tara kuɗin dukan watanni kafin a sa hannu, a tambaya me zai faru in wata ya zo ba a biya ba.

Game da ƙungiya, ina goyon bayan a saya, in dai ba daga asusun iri da taki za a cire ba. A yi karo-karo na dabam. Amfaninsa a fili ya ke. Ƙungiyar Access Agriculture tana da finafinan koyar da noma da aka juya zuwa Hausa, ana iya sauke su a filash. Aikin buhun PICS mai ruɓi uku na ajiyar wake, bayaninsa da baki ya kan ɗauki yini, amma in mata su ka ga yadda a ke matse iska a ɗaure kowane ruɓi dabam, sau ɗaya ya isa. Sai dai kayan kowa da kowa shi ne kayan da ba mai lura da shi. Tun kafin a je kasuwa a rubuta a littafin taro wanda zai riƙe mabuɗi da rimot, da ko za a ba da aronsa ranar biki ko ba za a bayar ba, da nawa za a riƙa ajiyewa kowane wata saboda gyara. Rasit da takardar garanti su zauna wurin ma'aji. Kwalin kuma kada a ba yara su yi wasa da shi, a ɗora shi a kan rumbu inda gara ba ta kaiwa, gama da shi za a koma Jega in bukata ta taso.