Ina Matuƙin Jirgin Ya Kwana Jiya?

A watan Yuli na shekarar 2025 Majalisar Dattawan Amurka ta amince da naɗin Bryan Bedford ya zama shugaban hukumar FAA, watau hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a ƙasar. Daga cikin waɗanda naɗin bai yi wa daɗi ba har da iyalan mutanen da suka rasu a haɗarin jirgin da ya auku kusa da birnin Buffalo a 2009. Dalilinsu kuwa shi ne, a 2022, lokacin da mutumin yake shugabantar kamfanin Republic Airways, kamfanin ya nemi a yarje masa ya ɗauki mataimakan matuƙa da suka yi awa 750 kawai a sama, maimakon awa 1,500 da doka ta ce. Hukumar ta ƙi. Da ya zo gaban 'yan majalisa kuma, bai ɗauki alkawarin barin dokar yadda take ba.

To, gardamar awa 1,500 tana da muhimmanci, ba mu musa ba. Amma a ganinmu akwai wata magana da haɗarin nan na Buffalo ya tono wadda aka bari ta kwanta, ita ce maganar wurin kwanan matuƙi. Masu karatunmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal za su fi kowa gane ta, domin kuwa irin zaman da yawancinmu muke yi ke nan.

Ga yadda abin ya faru. Ran 12 ga watan Fabrairu 2009 da dare, wani jirgi mai farfela biyu na kamfanin Colgan Air ya tashi daga filin Newark, daura da New York, ya nufi Buffalo. Saura 'yan kilomita kaɗan ya sauka sai ya faɗo a kan wani gida, da misalin ƙarfe 10 da kwata. Mutum 49 da ke ciki duka suka rasu, har da mutum ɗaya da ke cikin gidan, jimla 50 ke nan.

Da masu bincike suka bi sawu, sai suka tarar mataimakiyar matuƙin, yarinya 'yar shekara 24, ba a New York take zaune ba, ba ma a kusa ba. Tana can wajen birnin Seattle a gidan iyayenta, a ɗaya bakin ƙasar, tafiyar da ta kusa kilomita 4,000, watau kamar mutum ya yi Ikko zuwa Kano sau huɗu. Daren jajibirin haɗarin ta roƙi kujera a jirgin dakon kaya zuwa Memphis, daga can ta sake hawa wani ta iso Newark da asuba, ta yini tana kishingiɗe a ɗakin hutun ma'aikata. Ga shi kuma mura ta kama ta. An ji ta a na'urar ɗaukar magana tana nuna cewa in ta ce ba ta da lafiya, ita za ta biya wa kanta kuɗin otal har ta warke. Albashinta na shekara, bisa ga abin da aka bayyana a wajen bincike, bai fi dala 16,000 da ɗoriya ba. Shi kuwa kyaftin ɗin, mai shekara 47, iyalinsa suna Florida, kuma a wannan ɗakin hutu ya kwana, alhali kamfani ya hana kwana a wurin. An ga shaidar ya buɗe kwamfutar kamfani da wajen ƙarfe 3 na dare.

Kada mai karatu ya ɗauka su biyun nan ne kaɗai. Cikin matuƙa 137 da kamfanin ya ajiye a Newark, 93 daga wani gari suke zuwa aiki.

Me ya kawo haka? A kamfanonin jiragen Amurka komai da ranar da mutum ya shiga aiki ake auna shi. Wanda ya riga ka shiga shi zai riga ka zaɓen garin da zai zauna, da irin jirgin da zai tuƙa, da ranakun hutunsa. Tsofaffin hannu sukan kwashe garuruwa masu sauƙin rayuwa, sabon shiga kuwa a jefa shi inda kowa ke gudu, kamar New York ko San Francisco. Watau mai ƙaramin albashi shi ake turawa gari mai tsadar haya. A tsibirin Manhattan matsakaicin kuɗin haya ya kai dala 4,000 a wata tun 2022. Bugu da ƙari, kamfani yana iya tashin cibiyarsa daga gari duk sa'ad da ya ga dama, kamar yadda US Airways ya fara janyewa daga Pittsburgh a 2004, ya bar ma'aikatan da suka gina gidaje suka sa 'ya'ya a makaranta. Mutumin da aka taɓa yi wa haka sau ɗaya ba ya sake tayar da iyalinsa don kamfani. Sai ya bar su inda suke, shi ya riƙa bin jirgi.

Bin jirgin ma ba da tikiti ba ne. Sai in akwai kujerar da fasinja bai saya ba, ko kuwa 'yar kujerar nan ta ƙari da ke bayan matuƙa. Idan jirgi ya cika sai ya jira na gaba, saboda haka mai hankali yakan baro gida tun kwana guda kafin aiki, ya cinye hutunsa a filin jirgi. In ya iso kuma akwai maganar masauki. A unguwar Kew Gardens ta New York, wadda ke tsakanin manyan filayen jirgi biyu, an daɗe ana hayar gidaje ana jera gadaje masu hawa biyu, mutum shida ko takwas a ɗaki, kowa ya biya 'yan ɗaruruwan daloli a wata. A waɗansu gidajen ma ba ka da gadon kanka, wanda ka tarar babu kowa shi ne naka, ka shimfiɗa zanenka, da safe ka naɗe. Wanda ya fi shan wuya shi ne sabon da aka sa zaman ko-ta-kwana, domin tilas ya kasance kusa da fili ana iya kiransa kowane lokaci, sai ya yi kwana huɗu ko biyar a irin wannan ɗaki ba tashi ba komawa gida.

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haɗaka a Agege ko Idi Araba, ko ya ga direbobin tanka suna barci a ƙarƙashin motocinsu a Apapa suna jiran layi, ya san wannan hali. Iyali suna Kano ko Sakkwato, mai gida yana nan, ba ya ganinsu sai da Salla ko in an yi rasuwa. Bambancin kawai shi ne wancan yana sanye da farar riga mai igiya a kafaɗa, kuma rayukan mutum 70 ko 200 suna hannunsa.

Amma a yi gaskiya. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ba ta ce gajiya ce ta kayar da jirgin ba. A rahotonta na 2010 ta ɗora babban laifin a kan kyaftin: saurin jirgi ya ragu ba su lura ba, sandar tuƙi ta girgiza don gargaɗi, shi kuwa ya ja ta baya maimakon ya tura gaba. An kuma gano ya sha faɗuwa jarrabawar tuƙi a baya. Game da gajiya, abin da hukumar ta ce shi ne da alama ta rage musu kuzari, sai dai ba a iya auna iyakar tasirinta ba.

Iyalan mamatan suka yi ta zirga-zirga zuwa Washington har Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka a watan Agusta 2010. Daga nan aka sami sharaɗin awa 1,500 a 2013. A watan Janairu 2014 kuma aka fara aiki da dokar hutu, wadda ta ce a ba matuƙi hutun awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 a ciki, sa'an nan ya sa hannu cewa yana da ƙarfin tuƙi. An tsame jiragen dakon kaya daga wannan doka. Maganar nisan gida kuwa ba a taɓa ta ba. Kwamitin masana da aka ɗora wa nazarin abin ya ba da rahoto a 2011 cewa babu isassun bayanai da za a kafa doka a kansu.

Mu dai muna ganin ba rashin bayanai kaɗai ba ne. Ƙungiyoyin matuƙa ba sa son a gaya wa mutum inda zai ajiye iyalinsa, kuma suna da hujja, domin wanda ke tuƙa mota awa uku cikin cunkoso yana iya fin wanda ya zo a jirgi gajiya. Kamfanoni kuma sun san in aka tilasta wa matuƙi zama kusa da fili, su za a tambaya kuɗin haya. Sai aka haɗu a kan abin da ba ya cin kowa kwabo, watau sa hannu. Ana ƙidaya awa 10 ɗin nan ne daga agogon kamfani, ko da mutum a kujerar jirgin kaya ya cinye su. Kuma yaron da bai cika shekara a aiki ba, ga bashin makarantar tuƙi a wuyansa, da wuya ya ɗaga waya ya ce ya gaji.

Albashi dai ya gyaru. Saboda ƙarancin matuƙa, a 2022 ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashin American Airlines suka kai ladan sabon mataimaki dala 90 a kowace awa ta tashi, kamfanin Colgan kuwa ya rufe tun 2012. Yanzu mutum yana iya kama otal in ya so. Amma tsarin da ke tura sabo zuwa gari mai tsada yana nan, gidajen haɗaka ma ba su rufe ba.

A nan gida, Ikko ce mazaunin yawancin kamfanonin jiragenmu, irin su Air Peace da Arik da Aero, ko da yake Max Air yana Kano, Ibom Air yana Uyo. Yaron da ya gama kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya ya sami aiki a Ikeja zai ci karo da masu gidan hayan da muka sani. Dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA, wadda ita ce unguwar da ke bakin filin jirgi. Wanda bai iya nan ba sai ya nausa can bayan gari, ya tashi tun kafin kiran sallar farko don ya riga cunkoso, ya tuƙa jirgin ƙarfe 7. Ya kamata hukumar NCAA ta nemi kowane kamfani ya rubuta mata inda matuƙansa suke kwana da awa nawa suke yi a hanya, ta kuma sa a tanadi ɗakunan barci na sosai kusa da fili ga masu tashin asuba, kuɗin kuma ya fito daga asusun kamfani.