Maganin ɗanka ba na kifi ba ne

Makon jiya wani magidanci ya zo ɗakin magani neman amoxicillin. Lafiyarsa ƙalau. Kifayen ado ya sayo, wai zai barbaɗa musu a ruwa don rigakafi. Na hana shi, domin wannan ganganci ne. Fararen ɗige-ɗigen da ke yawan kama sabon kifi ƙwarin ich ne, kuma amoxicillin ba ya kashe su. Abin da yake yi shi ne koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. A zubar da ruwan a kwata, gobe maganin ya gaza a jikin ɗanka. Rigakafin gaskiya keɓewa ne: ka ajiye sabon kifi a tanki daban har mako 4, kana lura da shi. In da rauni a hannunka, ka sa safar roba kafin ka taɓa ruwan.